Minti Huɗu a Saman Tudu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Likitan ido ne ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta lokacin da na ɗiga magani. Na saya. Amma tunda ni na saya, abin da na ga dama zan rubuta a ciki.

Na ɗiga da safe, na ɗiga yanzu.

Ya sa ni na leƙa cikin wata na'ura, ya ce duk sanda na ga ɗigon haske in danna. Na danna iya waɗanda na gani. Da ya duba takardar sai ya tambaye ni sana'ata. Na ce direban bas ne, shekara ashirin da bakwai a hanya ɗaya, daga tashar gari zuwa ƙauyukan bayan tudu, sawu biyu kullum, ko kaza ban taɓa takewa ba. Na zaci zai ce madalla. Sai ya ajiye biro ya cire tabarau.

Sauran maganarsa ba ta littafi ba ce. Lasisina ma ya girme shi.

To, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ya ce gefen idona na hagu ya tafi, ba zai dawo ba, na dama ya fara bin sawunsa. Ya ce in ajiye tuƙi. Ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sau uku gari ya canza yau kafin mu kai saman tudu. Mun bar tasha sama garau, a wajen gada yayyafi ya tare mu, muna shiga cikin itatuwa ya ɗauke. Da muka fito sama na faka a inda na saba, na kashe mota.

Duk wanda ya taɓa shiga motata ya san wannan tsayuwar, ni na ƙirƙiro ta. A nan kwarin yake buɗewa gaba ɗaya. Gonakin masara kore shar, na shinkafa ruwa kwance a cikinsu yana ƙyalli, kogi ya lanƙwasa sau biyu ya ɓuya bayan duwatsu. Yau rabin kwarin rana, rabi inuwar girgije, inuwar tana tafiya a kan gonaki a hankali kamar ana jan bargo. Can gindin dutse ruwa yana sauka, ana ganin igiyoyinsa, mu kuwa ko ɗigo bai taɓa mu ba. Ni dai na san babu direban da aka ba hanya mai kyan tawa, kuma babu wanda ya san ta kamar ni.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙwai, kullum a bayana take zama da kwandonta a cinya. Ta ce, "Direba, kai dai ba ka gajiya da kallon gonar mutane."

Na ce, "Iya, ke ma leƙo mana, ƙwan ba zai gudu ba."

Da can minti ɗaya nake yi a wurin. Yanzu huɗu. Idan na fito daga duhun itatuwan nan zuwa haske sai komai ya yi fari fat, dole in jira titi ya dawo. Ba wanda ya lura, sun ɗauka tsufa ne ya ƙara mini son kallo.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na ɗiga. Yana da raɗaɗi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sabon manaja wata huɗu ke nan da zuwansa, har ya sa an maƙala wa kowace mota wata 'yar na'ura mai kai masa gulmar direbobi. Yau ta kai tawa. Aka miƙo mini takarda: tsayuwa ba bisa ƙa'ida ba, minti huɗu, zuwa da dawowa. In bayyana a ofis ranar Laraba.

Dogo yana gefe yana shan shayi. Shi ne yake karɓata ranar da nake hutu, tare muka tsufa a tashar nan, sai dai shi har yau bai daina taka birki kamar yana kashe kyankyaso ba. Ya karanta takardar ta saman kafaɗata ya fashe da dariya.

"Tsoho, yau an kama ka kana soyayya da gonakin mutane a lokacin aiki."

Na ce, "Kai da ka karya madubi biyu bara, na'urar ba ta san gidanku ba ne?"

Ya ce ai lokacin ba a haife ta ba. Na ninke takardar na sa a aljihu. Raina ya ɓaci sosai, kuma ba takardar ce kaɗai ta ɓata shi ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Hutu. Tun safe ake ruwa ana ɗaukewa, maman yara ta shanya kaya ta kwashe har sau uku tana mita.

Na ture kofin shayi da gwiwar hannu, yana nan dab da ni ban gan shi ba. Ɗazu kuma na bugi ƙofar ɗaki da kafaɗa. Ta tambaye ni kwalbar da nake ɓoyewa a aljihun riga, na ce hayaƙin tasha ne yake sa mini ƙaiƙayi. Ta ce Allah ya sauwaƙe, ta goge tebur. Da ta sake zubo shayin, a hannun dama ta ajiye.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Yau da safe girgije ya sauko ya kwanta a kan tudu, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Ƙananan motoci duk sun faka suna kunna fitila. Ni na wuce su ɗaya bayan ɗaya. Titin nan a jikina yake. Na san ramin da ke bayan gada, na san inda kwalta ta zaizaye, kwanar titi goma sha ɗaya ce daga sama zuwa ƙasa kuma kowace na san giyar da take so. Wani bature da babbar kyamara ma da ya shiga motata shekarun baya sai da ya sara mini.

A sama muka tsaya, babu kwari babu alamarsa, fari kawai. Sai iska ta taso ta fara yaye shi daga ƙasa. Kan bishiyoyi ya fara fitowa, sannan rufin wani gida, sannan shanu a bakin kogi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwance kaya daga akwati. Mai ƙwai da kanta ta ce, "Kai, Allah mai iko."

Wanda ya sauko da mutum talatin lafiya cikin wannan farin, a ce wai ba ya gani?

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je ofis da rigata mai guga. Manaja ya juyo mini da kwamfutarsa, ga jan ɗigo a saman tudu.

"Baba, me kake yi a nan minti huɗu?"

Na ce, "Yallaɓai, ka taɓa hawa wurin?"

Ya ce bai taɓa ba. Na ce to a kwamfuta ɗigo ne, a ido kuwa wani abu ne daban. Na ce masa a nan nake karanta hadari, in ga ko ruwan dutse zai cika kogi kafin mu kai ƙaramar gada. Na ce injin ma yana son ya sha iska bayan hawa. Duka gaskiya ne. Abu ɗaya kawai na bari a aljihu tare da kwalbar.

Yaron yana da ladabi, ba zan ci amanarsa ba. Ya buɗe fayil ɗina ya daɗe yana juya shafi, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, babu ko ƙwarzane. Ya yarda da tsayuwar, amma minti biyu. Sai ya ce, "Saura shekara uku ka cika talatin, Baba. Ranar da ka cika za mu rataya hotonka a bangon can."

Na kalli bangon. Na fito ina jin kaina kamar na ƙara tsawo.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na safe

Talatin. Shekara uku ba wani abu ba ne.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Malamar asibitin da ke bin mu zuwa ƙauyen ƙarshe ta riga kowa shiga yau, ta same ni na ɗaga kai ina ɗigawa. Na yi sauri na dunƙule kwalbar, amma ta riga ta karanta.

Ta zauna a kujerar gaba, wadda ba ta saba zama ba. Sai da muka sauke kowa ta yi magana, a hankali.

"Baba, na san maganin nan. Ba na ƙaiƙayi ba ne."

Na ce, "'Yata, tun kina goye nake hawa tudun nan."

"Na sani. A motarka aka riƙa kai ni makaranta. Shi ya sa nake faɗa maka kai, ban faɗa wa ofis ba."

Na ce ta sauka lafiya. Ta sauka. Duk hanyar dawowa rana tana ta wasan ɓuya da girgije, ni kuma ina ta jin haushin yarinyar. Yarinya mai hankali ce, shi ne abin haushin.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Sawun yamma mun ci karo da ruwa mai ƙarfi a cikin itatuwa, waifar goge gilashi har tana kasawa. Muna fitowa sama ya tsaya cak. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin baƙin hadari ta haske kwarin da wani irin ruwan zinariya, kowane ganye jiƙe yana walƙiya, ƙasa tana tururi. Ga bakan gizo ya tashi daga bayan duwatsu. Na nuna wa fasinjoji da alfahari, kamar ni na zana shi.

Mai ƙwai ta ce, "Yau cikakke ne, dubi ƙafarsa ɗaya can kan gonar shinkafa."

Ni rabi nake gani. Sai da na juya kaina gaba ɗaya na sami ɗaya ƙafar, da na same ta kuma ta farko ta ɓace. Na ce mata lallai cikakke ne.

Minti biyu ba su ishe ni ba. Na tayar da mota titi bai gama dawowa ba, na sauka kwana biyu na farko da sanin hanya kawai.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na ɗiga. Ko kaza ban taɓa takewa ba. Ko kaza.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda abin ya faru daki-daki, don kada gobe in gyara shi a raina.

Sawun safe ne, mota cike. Gari ya tashi da rana, a gada sai duhu ya rufe kamar magariba, har da 'yar ƙanƙara tana buga rufi. Muka hau cikin itatuwa a wannan duhun. Daidai fitowarmu sama girgijen ya tsage, rana ta faɗo kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta dawo cikin idona. Na karkata zan faka a wurina, kamar yadda na yi sau dubu nawa.

Mai ƙwai ta ƙwalla ihu, "Mutum! Direba, mutum!"

Ƙafata ta riga kaina. Motar ta tsaya, mutane suka hantsilo gaba, kwandon ya kife. Na juya kai. Wani dattijo ne yana tura keke da buhu a baya, a hagu, tsakaninsa da ƙarfen gaban mota bai kai tafin hannu ba. Bai faɗi ba. Ko keken ban taɓa ba. Ya tsaya yana kallona ta gilashi, ruwa yana ɗiga daga hularsa.

Ba fitowa ya yi kwatsam ba. Yana nan tun farko, a fili, kowa a motar ya gan shi. Ni ne ban gan shi ba.

Na sauka na ba shi haƙuri. Shi ma haƙurin yake ba ni, wai ko shi ne ya tare hanya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na koma na ja birkin hannu, na kashe mota, na zare makulli. A gabanmu kwanar titi goma sha ɗaya ce, a bayana mutum talatin da ɗaya.

Wani mai jaka ya ce, "Direba, mu je mana, ai ba abin da ya faru."

Na miƙe na fuskance su. Ban taɓa yi wa fasinja jawabi ba. Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Idona ba ya ganin gefe. Likita ya faɗa mini tun kwana goma sha bakwai, na ƙi ji. Ba zan sauka da ku tudun nan ba. Zan kira wani direba."

Hayaniya ta tashi. Mai jaka ya ce zai makara, wata ta ce tun da na sani me ya sa na ɗauko su. Gaskiyarta ce. Na kira Dogo, yana gida yana hutu.

"Tsoho, lafiya? Mota ce ta lalace?"

"Motar lafiyarta ƙalau. Ka hau babur ka zo saman tudu ka karɓe ta."

Bai yi tsokana ba, karo na farko tun da na san shi. Ya ce, "Ga ni nan."

Minti hamsin muka jira shi. Na durƙusa ina taya mai ƙwai tsince waɗanda ba su fashe ba, na ce ta yafe mini asarar. Ta ce, "Rufe mini baki. Ƙwai nawa ne mutum?" Mutane suka gaji da zama suka firfito, suka jeru a bakin titi. A cikin mintocin nan kwarin ya yi duk abin da ya iya. Hadarin ya koma can ya sauke ruwansa a kan dutse, iska ta bi ta kan masara tana kwantar da ita layi-layi, fararen tsuntsaye suka tashi daga gonar shinkafa gaba ɗaya. Har mai jaka na gani ya ajiye jakarsa yana ɗaukar hoto.

Da Dogo ya iso na sa masa makulli a hannu. Na ce giya ta biyu a kwana ta huɗu, kada ya yi mini wasa da birki. Ya ce to. Mai babur ɗin da ya kawo shi ne ya maido ni gari.

Na ji tsoro yau irin wanda ban taɓa ji ba. Amma shekara ashirin da bakwai, babu jinin kowa a tayata, kuma ba wanda ya ƙwace makullin nan, ni na miƙa shi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Jiya da na shigo na zaunar da maman yara na fara kewaye-kewaye. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Malam, kana tsammanin kofin da ƙafarsa yake komawa dama? Kullum ka fita sai na bi motar da addu'a har ka dawo. Jira nake ka faɗa da bakinka, don na san halinka, in na riga ka sai ka ƙara shekara a kan sitiyari don taurin kai."

Sai ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba, famfo yana ta zuba.

Yau na kai wa manaja takardar likita. Ya karanta a tsaye. Ya fara maganar hoton bango, na ce ya bar bangonsa ya huta. Ya ce akwai aikin tsara fitar motoci a tasha, in ina so. Na ce zan yi tunani, don kada ya ga na yi saurin karɓa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ana ruwa. Daga tagar ɗakina bangon maƙwabci kawai ake gani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau na sayi tikiti. Mai yankan tikiti ya ƙi karɓa, na ce sai ya karɓa, ni fasinja ne. Dogo ya share mini kujerar gaba, na wuce ta na tafi can baya jikin taga. Ban taɓa zama a bayan motar nan tana tafiya ba, ashe haka take jijjiga mutane suka yi shiru da bakinsu shekara da shekaru.

Dogo ya tsaya a sama ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya leƙo ni ta madubi. Minti biyu cif, matsoraci. Kwarin yana nan yadda na bar shi, rana da inuwa suna ta musayar gonaki.

Muka fara gangara. Ƙafata tana ta neman birki a ƙarƙashin kujerar wani. A kwana ta bakwai, mai tsananin nan da direba ba ya isa ya ɗauke ido daga kwalta, na ga duk mutanen layina sun juya kai waje. Na sha ganin haka ta madubi, kullum ina ɗauka tsoron ramin suke ji, har ina jin daɗi a raina cewa ni ne nake fitar da su. Yau na juya tare da su.

Tafki ne. A ƙasa, bayan kafaɗar dutse, inda ba a hango shi daga sama. Faɗinsa ya kai filin ƙwallo uku, ruwan ya kwanta lumui, girgije da shuɗin sama duk suna cikinsa. Yayyafi yana taɓa gefe ɗaya, ɗaya gefen rana, wani mutum a ƙaramin kwalekwale yana tsakiya bai damu da ko ɗaya ba. Na juya kaina sosai don in sa shi a inda idona yake da kyau. Na riƙe shi har dutse ya rufe.

Ni da na ce babu wanda ya san hanyar nan kamar ni.

Malamar asibiti ce a kusa da ni. Na taɓa hannun kujerarta na ce, "'Yata, wannan tafkin yaushe aka yi shi?"

Ta dube ni, ta ga da gaske nake. Ta ce, "Baba, ai tun kafin a yi titin yake nan. Gobe ka zauna a nan in nuna maka sauran."